Ƙidayar Jama'a da Aljihun Mai Saye: Darasi Daga Bompai, Sharaɗa da Chalawa

Yau ban da jerin farashin da muka saba kawo muku, mun ga ya kamata mu tsaya a kan wata magana da muke ji a kowace rumfa. Ka shiga Kwari ko Singa ko Sabon Gari da hantsi, sai ka yi da gaske kafin ka sami wurin sa ƙafa saboda cunkoso. Amma da ka zauna ka tambayi mai shago yaya kasuwa, bayan ya yi hamdala sai ya ce maka ciniki ya ja baya, kaya na kwantai, bashi ya yi yawa a waje. To, yaya aka yi mutane suka ƙaru, ciniki bai ƙaru tare da su ba?

Amsar tana cikin alƙaluman ƙidaya, tana kuma bakin ƙofar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Za mu bi lissafin sannu a hankali, domin wanda zai zuba jarinsa ko ya ba da kayansa bashi, ya kamata ya san wane ne mai sayensa, da nawa ne a aljihunsa.

Yadda aka yi ta ƙirga mu

A 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda yake kiran kansa Abdulkarim, ya sauka a Kano. Ya kimanta mazauna birni da dubu 30, ya ce kuma da rani, lokacin da ayarin fatake suke sauka, sukan kai dubu 60. Watau tun wancan zamani kasuwa ce take cika Kano da baƙi.

Ƙidayar da Turawa suka yi a 1952 ta ba Kano kimanin mutum dubu 130. Amma dattawa sun san yadda ake ɓoye kai a wancan lokaci, saboda kowa yana ganin malamin ƙidaya ɗan aiken haraji ne. Haraji da jangali kuwa ba su tashi a Jihar Kano ba sai 1979, da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su. Bayan samun 'yancin kai sai abin ya juya. Kujerun majalisa da rabon kuɗin tarayya suka rataya a kan yawan jama'a, kowane yanki yana son nasa ya fi. Aka yi ƙidaya a 1962 aka soke, aka sake a 1963, ta ba Nijeriya miliyan 55.7, Kano kuma kimanin dubu 295. Ta 1973 ta ce miliyan 79.8, gardama ta yi yawa, Janar Murtala Muhammed ya soke ta a 1975.

Ta 1991 ta ba ƙasa miliyan 88.9. Jihar Kano ta sami miliyan 5.8, bayan an cire Jigawa a watan Agusta na shekarar. Ta 2006 ta ba ƙasa miliyan 140.4, Jihar Kano miliyan 9.4, Ikko miliyan 9.1, ko da yake mutanen Ikko sun yi ta ja da nasu adadin. Ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye, watau Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, sun haɗa miliyan 2.8. Nasarawa, inda Bompai take, ita ce ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar, da kusan mutum dubu 600. Daga nan ba a sake ƙidaya ba. An sa ranar yi a watan Mayu na 2023, aka ɗage. Duk adadin da kuke ji bayan 2006 ƙiyasi ne, kuma ƙiyasin hukuma na 2022 ya ba Jihar Kano fiye da miliyan 15.

Ku duba tsakanin 1991 da 2006 kawai. Mutum miliyan 3.6 suka ƙaru a jihar cikin shekara goma sha huɗu da 'yan watanni. In aka raba, kimanin dubu 250 ke nan kowace shekara, kusan baki 700 kowace wayewar gari. Jama'ar da take ƙaruwa haka takan ninka kanta cikin shekara 20 ko 21. Ko da mutum ya rage wani abu saboda gardamar ƙidaya, idonsa ya isa shaida. Gonakin da aka sani jiya, yau unguwanni ne.

Bompai ta buɗe ƙofa

Daga ina jama'ar nan suka fito? Haihuwa ce ta farko, ƙaura ta biyu. Ƙasar da ta kewaye Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a duk Afirka ta Yamma. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, tun tana ƙauye, ta buga littafinta a 1977. Ta tarar rabon gado ya yi ta yayyanka gonaki har magidanta da dama ba su da abin da zai ciyar da iyalinsu, wasu ma ba su da gonar ko kaɗan. Sai fari ya zo daga 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975. Dalar gyaɗar da aka san Kano da ita ta tashi. Wanda dā yake zuwa cin rani ya koma gida da damina, sai ya zo ya zauna.

A wancan lokaci birni yana da inda zai sa wasu daga cikinsu. Bompai ita ce babbar yaya, tun kafin 'yancin kai aka fara kafa masana'antu a cikinta kusa da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Akwai matsar man gyaɗa, da majemu, da masu yin sabulu da turare da alewa, daga baya aka sami masaƙu, da kamfanin keken Raleigh, da kamfanin fulawa na Arewa. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin man fetur suka shigo, sai aka buɗe Sharaɗa da Chalawa. Dokokin 1972 da 1977 na mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa suka ba attajiran Kano damar shiga a dama da su. Ana lissafa Kano a matsayin ta biyu bayan Ikko wajen yawan masana'antu.

Unguwannin leburori suka tsiro a gefen kowace. Bompai ta cika Dakata da Kawaji da Tudun Wada da Gama da Birged da Tudun Murtala. Sharaɗa ta cika Ja'en, Chalawa ta cika Fanshekara. Wani Ba'amurke mai suna Paul Lubeck ya yi bincike a kan ma'aikatan masana'antun Kano a farkon shekarun 1970. Ya tarar da yawansu 'yan karkara ne da suka yi karatun allo, kuma burin mafi yawansu shi ne su tara ɗan jari su bar aikin kamfani su kama kasuwanci. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ya shafe mu shi ne albashi. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka sa mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata. Naira ɗaya a lokacin ta fi Dalar Amurka ɗaya da rabi, watau albashin ya kai kimanin Dala 200. Lebura mai albashi abokin ciniki ne na gari. Mai tireda zai ba shi bashi ba tare da fargaba ba, domin ya san ranar biya. In wata ya yi, kuɗin da ya fito daga ƙofar masaƙa sai ya bi ta hannun mai hatsi, da mahauci, da mai kayan miya a 'Yankaba, da tela, da mai gidan haya, kafin ya ƙare a wurin ɗan sari. Naira ɗaya takan ci kasuwa sau da yawa kafin ta bar gari.

Da jiniya ta yi shiru

Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Masana'antunmu kuwa mafi yawansu da kayan waje suke aiki, daga injin har sinadari. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki. Aka saki Naira, cikin 'yan watanni Dalar Amurka ta haura Naira uku. Aka rushe hukumomin sayen auduga da gyaɗa. Kayan gyaran inji suka yi tsada, mai saye kuma aljihunsa ya yi rauni.

Daga nan matsala ta bi matsala. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kamfani ya koma ƙona baƙin mai da gas a janareta. Kano tana da nisan kilomita kusan dubu daga tashar jirgin ruwa, jirgin ƙasa kuma ya durƙushe, komai sai a mota. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, daga baya aka mayar, amma kafin nan hanya ta riga ta buɗe, atamfa da shadda na Sin suka cika Kwari da farashin da masaƙar gida ba za ta iya ba. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gine-gine da yawa a Bompai da Sharaɗa suka koma rumbunan ajiye kayan da aka shigo da su daga waje. Gidan da dā yake ɗaukar ma'aikata ɗaruruwa, sai ya zama mai gadi da 'yan dako sun ishe shi.

Ba mu ce komai ya mutu ba. Akwai majemu da ke fitar da fata zuwa Turai, akwai kamfanonin roba da takalma da tabarmi, da masu casar shinkafa da matsar mai da kayan sha. Amma jama'a ta ninka, ƙofar ɗaukar aiki ba ta ninka ba. Waɗanda suka rage ɗin ma ba su huta ba, domin a watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga masu layin da ake kira Band A daga Naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni.

Ina ma'aikatan da aka sallama suka tafi, su da 'ya'yansu? Kasuwa suka shigo. Burin da lebura yake yi da na ya tara jari ya zama ɗan kasuwa, yanzu dole ce ta kawo shi, ba tare da jarin ba. Wasu suka hau acaɓa, har aka hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni a watan Janairu na 2013, suka koma A Daidaita Sahu. Wasu suka kafa tebur, wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu suka zama 'yan kayi-nayi a bakin shagunan mutane. To, kun ga amsar rabin tambayarmu. Cunkoson da kuke gani a kasuwa, kaso mai yawa a ciki masu neman sayarwa ne irinku. Wanda jiya yake gabanka da kuɗi a hannu, yau yana gefenka da irin kayanka. In masu sayarwa suka yi yawa a kan mai saye ɗaya, riba ce take sirancewa, la'adar dillali ma a raba ta gida uku ko huɗu.

Awon talauci

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda take daban da Hukumar Ƙidaya, ta bi gida gida a 2018 da 2019 tana tambayar abin da ake ci da abin da ake kashewa. Ta ja layi a kan Naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, watau kimanin Naira 376 a rana. Duk wanda bai kai haka ba, shi ne matalauci a lissafinta. Ban da Borno da ba a sa ba, ta sami kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa a ƙasan layin, kusan mutum miliyan 83. A birane kashi 18, a karkara kashi 52. Ikko ba ta kai kashi 5 ba. Jihar Kano kashi 55, Katsina 56, Zamfara 74, Jigawa 87, Sakkwato kusan 88.

Ku lura da maƙwabtanmu. Duk wuyar da ake sha a Kano, ta fi sauƙi a kan inda ake barowa. Shi ya sa motocin Haɗeja da Gumel da Daura da Gusau ba su daina sauke mutane ba. Rikicin Arewa maso Gabas tun 2009, da na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina, sun ƙara turo wasu. Mai zuwa yana zuwa da bakinsa da ƙarfinsa, ba ya zuwa da kuɗi.

A watan Nuwamba na 2022 hukumar ta fitar da wani awon na daban. Wannan bai tsaya a kan kuɗi ba. Ya duba abinci da nisan asibiti, da karatun yara, da ruwan sha da makewayi da irin ɗakin kwana da abin da ake girki da shi, da rashin aiki da tashin hankali. Da wannan ma'auni mutum miliyan 133 ne suka faɗa ciki, kashi 63 cikin ɗari, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Jihar Kano ce ta fi kowace jiha yawan kawuna, da kimanin miliyan goma da rabi. Watau cikin kowane mutum uku a jihar, biyu suna ciki.

Mu kawo lissafin kan mai albashi, wanda ake ganin ya fi wasu dama. A 2019 mafi ƙarancin albashi ya zama Naira 30,000, watau 360,000 a shekara. In ka raba da layin talauci na lokacin, bai cika rabon mutum uku ba. Magidanci da matarsa da ɗa ɗaya sun riga sun faɗa ƙasan layi. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki Naira. Hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A watan Yuli na shekarar aka mayar da albashin Naira 70,000, lokacin Dalar Amurka ta haura Naira 1,500, watau bai kai Dala 50 ba. Ku tuna na 1981 ya kai 200. A raba dubu 70 gida talatin, ya zama Naira 2,333 a rana. In gidan mutum bakwai ne, kowa ya tashi da Naira 333, ƙasa da 376 ɗin da aka yanka tun 2019 kafin kaya su yi tashin gwauron zabo. Kuma dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ga masu aikin wucin gadi da ake biya kullum-kullum.

Masu ci sun fi masu nema

Akwai wani abu kuma da ƙidaya ta nuna. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya ba su kai shekara 15 ba. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa a tsakaice mace takan haifi 'ya'ya 5.3 a Nijeriya, 6.6 a Arewa maso Yamma, 3.4 a Ikko. Wanda aka yi a 2023 zuwa 2024 ya nuna na ƙasa baki ɗaya ya sauko zuwa 4.8. 'Ya'ya arziki ne, kowa ya san haka, amma mu nan lissafin kasuwa muke yi. Albashi ɗaya a gidan mutum huɗu yakan bar rara, a sayi atamfa ko katifa ko a shiga adashi. Wannan albashin a gidan mutum takwas, tukunya ce take cinye shi. Shi ya sa mai hatsi a Dawanau zai ce maka kaya na tafiya, mai yadi a Kwari ya ce sai sallah ko biki, mai gwanjo a Ƙofar Wambai kuma ya sami mutanen da dā ba sa leƙa wurinsa.

Yaran nan kuwa ba za su dawwama yara ba. Duk wanda aka haifa a shekarar ƙidayar 2006, ya cika shekara 18 a 2024. Kowace shekara sabon ayari yana fitowa neman abin yi. In ƙofar masana'anta ba ta buɗe musu ba, ƙofar kasuwa ba ta da mai gadi.

Kasuwa ta rabu biyu

Kada wani ya ɗauka kuɗi sun ƙare a Kano. Suna nan, sun dai taru a hannu kaɗan. Ba sai an je nesa ba, a ƙaramar hukuma ɗaya, tafiyar 'yan mintoci ce tsakanin manyan gidajen Bompai da Nasarawa masu rijiyar burtsatse da wutar sola, da lungunan Gama da Tudun Murtala inda ake sayen ruwa jarka jarka. Manyan attajiran Afirka biyu, Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u, 'yan Kano ne. Amma manyan masana'antunsu na siminti da sukari da matatar mai suna inda dutsen siminti da iskar gas da bakin teku suke, irin su Obajana da Sakkwato da Ikko. Jari yana bin inda aiki zai yi masa sauƙi, albashi kuma yana bin jari.

Abin da ya sirance shi ne na tsakiya, watau lebura da makaniken kamfani da akawu da malamin makaranta, masu sayen rabin buhu da turmin atamfa a ƙarshen wata. Yanzu a sama akwai 'yan kaɗan masu sayen katan da buhu, ba sa taya kaya sosai. A ƙasa akwai taro mai yawa masu sayen gwangwani da ƙulli, man gyaɗa a cokali, omo da madara a 'yar leda. Abin tausayi kuma, mai sayen ƙulli shi ya fi biya da tsada. In ka tara ƙulle-ƙullen da suka cika tiya, kuɗinsu ya fi na tiya, in ka tara tiyoyin da suka cika buhu, kuɗinsu ya fi na buhu.

Abin da za mu yi da wannan lissafi

Na farko, maganar bashi. Dā ana ba da kaya a jira ƙarshen wata. Yanzu kafin ka ba da, tambayi kanka, cikin masu karɓar kayanka mutum nawa ne suke da ranar biya tabbatacciya? Ɗan sarin da ya ba ɗan tebur, ɗan tebur kuma ya ba wanda ba shi da aiki, to uwar kuɗinsa tana hannun wanda bai taɓa gani ba. Ga shi kuma in farashi yana tashi, bashin da ya yi wata uku a waje ko an biya shi cif, ba zai sake sayo yawan kayan da ya fita ba. A gajarta wa'adi, a rubuta, a sa shaida.

Na biyu, wanda kasuwarsa ta masu ƙaramin ƙarfi ce, ya nemi saurin juyawa ya bar jiran babbar riba. Amma ya sa kuɗin leda da zubewa da ladan yaro a lissafi kafin ya fasa buhu. Ya kuma cika mudu, domin mai saye da Naira ƙirgaggu ba ya mance wanda ya tauye shi.

Na uku, a duba inda gari yake tafiya. Cikin ganuwa ya cika. Sababbin gidaje suna Ungogo da Kumbotso, da hanyar Gwarzo da ta Haɗeja da ta Maiduguri da ta Zariya. Kuɗin mota ya sa mai sayen kaɗan ba zai taso daga can ya zo Singa ba, zai saya a unguwarsu. Ɗan sarin da ya ƙulla hulɗa da masu shagunan unguwa ya riga wanda ya zauna yana jiran a zo.

Na huɗu, a duba shekarun jama'a. Inda yara suka yi yawa, sabulu da takalmin roba da yadin makaranta da littafin rubutu ba sa kwana. Inda samari da 'yan mata suka yi yawa, aure yana tafe, kwano da siminti da kayan ɗaki za su nemu, amma masu sauƙin kuɗi.

Na biyar shi ne babba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗan kasuwar da yake sayar da kayan waje zalla yana cin riba yau, amma kuɗin ya tafi ba zai dawo rumfarsa ba. Wanda ya sayar da bokiti ko tabarma ko takalmin da aka yi a Sharaɗa, wani kaso na kuɗin ya zama albashi, albashin kuma gobe yana gabansa. Saboda haka maganar wuta da gas da jirgin ƙasa ba ta masu kamfani kaɗai ba ce. An ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano a 2020, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a watan Janairu na 2023. Ya kamata ƙungiyoyin kasuwanni su sa ido a kan irin waɗannan ayyuka, su kuma riƙa tambayar masu mulki inda aka kwana, kamar yadda suke tashi tsaye in an ƙara kuɗin rumfa.

Daga ƙarshe, duk ranar da aka sake fitowa ƙidaya, a ba malamai haɗin kai. Kada a ɓoye kowa, kada a ƙara wanda babu. Ɗan kasuwar da bai san abin da ke cikin rumbunsa ba, bai san ko riba yake ci ko uwa ba, haka nan gari. Tun 2006 muke tafiya da kintace, rijiya da makaranta da asibiti duk a kan kintace ake raba su.

Mu dai abin da muke so ku riƙe shi ne, in an ce muku Kano ta fi ko'ina jama'a, ku ce gaskiya ne, sannan ku tambaya mutum nawa ne a ciki suke karɓar albashi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya raba mu da bashi da kwantai.